Daga Sufra Zuwa Gona: Abin da Ke Hana Ragowar Abincin Biranen Saudiyya Zama Taki

Duk wanda ya halarci walima a Makka ko Jidda ya san yadda ake rufe taro. Da zarar baƙi sun tashi wanke hannu, sai samari biyu su kama gefe-gefen ledar sufra su naɗe ta da duk abin da ke kanta: ragowar shinkafar kabsa, ƙasusuwan rago, ɓawon lemo, cokulan roba, gwangwanin abin sha, har da kwalbar yajin da ta fashe. A ƙulle, a kai bakin titi, motar baladiyya, wato hukumar birni, ta zo ta kwashe da dare. Abu guda ne ba ya shiga wannan ƙulli, shi ne gurasa. A gidajenmu da na maƙwabtanmu Larabawa ana ware ragowar gurasa a leda ta daban, a rataye ta a gefen akwatin zibala, wato na shara, domin ni'ima ce kuma ba a haɗa ta da ƙazanta. Akwai iyayenmu mata da ke bi suna tattara ta, su shanya, su sayar wa masu kiwon dabbobi. Na daɗe ina ganin cewa dukan maganar sarrafa shara tana cikin bambancin da ke tsakanin ledar nan biyu, domin ɗaya an ware ta tun a hannu ta ci gaba da zama dukiya, ɗayar kuwa an cakuɗa ta, kuma daga lokacin duk kuɗin da za a kashe a kanta kuɗin rage ɓarna ne kawai.

Girman abin ba ƙarami ba ne. Binciken da hukumar hatsi ta Saudiyya ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 33 cikin 100 na abincin ƙasar yana salwanta ko a zubar da shi, wato kimanin tan miliyan 4 a shekara, wanda kuɗinsa ya kai wajen riyal biliyan 40, kuma binciken ya ƙiyasta kilo 184 ga kowane mutum a shekara. Gurasa da shinkafa ne kan gaba. A lissafin Bankin Duniya na 2018, ragowar abinci da tarkacen lambu su ne kashi 44 cikin 100 na sharar biranen duniya, a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka kuwa sun haura rabi. Wannan kaso mai ruɓewa shi ne ke wari, shi ne ke tara ƙuda, kuma shi ne ke jiƙa takarda da kwali ya ɓata su har su kasa sake sarrafuwa.

Idan aka binne shi a bola, ba ya ɓacewa kamar yadda ido ke zato. Manyan motoci suna danne sharar, a rufe ta da ƙasa, iska ta daina shiga, sai wasu ƙwayoyin halitta da ba sa buƙatar iska su karɓi aikin. Ruɓewarsu a hankali take, tana iya ɗaukar shekaru gommai, kuma tana fitar da iskar da kusan rabinta mitan ce, wadda ke kama wuta, kuma ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon kusan sau 28 idan aka auna a tsawon shekara 100. Ruwan da ke cikin abincin kansa yana tsatsafowa ya bi ta cikin batura da magunguna da fenti, ya gangara ƙasa baƙi ƙirin. Ko a ƙasar da ruwan sama bai taka kara ya karya ba, wannan tsatsafi yana nan, saboda ragowar abinci kashi 70 zuwa 80 cikin 100 nata ruwa ne.

Yin taki juya wannan lamari ne ta yadda ƙwayoyin halitta masu shaƙar iska za su yi aikin cikin makonni. Mai yin taki a haƙiƙa makiyayi ne, sai dai dabbobinsa ba sa ganuwa, kuma kamar kowace dabba suna buƙatar abinci daidai, ruwa daidai da iska. Abincinsu kashi biyu ne. Kabon shi ke ba su ƙarfi, ana samunsa a busassun abubuwa irin su kara, ƙaiƙayi, garin katako da busasshen ganye. Naitirojin shi ke gina jikinsu, yana cikin ɗanyen abu kamar ragowar miya, nama, kayan lambu da kashin dabba. Gwargwadon da aka fi so a farkon tuli shi ne kabon kashi 25 zuwa 30 a kan naitirojin kashi 1. Ragowar abincin gida ita kaɗai tana wajen 15 a kan 1, wato naitirojin ya yi mata yawa, shi ya sa idan aka tara ta ba a haɗa da busasshen abu ba take fitar da zarni mai kama da na fitsari, kuma wannan zarnin shi ne ainihin amfanin takin ke tashi sama. Danshi kuma ana son ya tsaya tsakanin kashi 50 da 60. Ba sai da na'ura ba: idan ka damƙi tulin ka matse, ya dunƙule kuma ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ya yi daidai. Idan ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya toshe ƙofofin iska, tulin zai koma irin ruɓewar bola. Idan ya wargaje kamar gari, ƙwayoyin sun daina aiki.

Idan waɗannan suka daidaita, tulin da kansa yake ɗaukar zafi. A kwana biyu ko uku na farko ƙwayoyin da ke son matsakaicin ɗumi suna cinye sukari da sitaci, zafin numfashinsu ya taru har ya wuce digiri 45, sai su ja baya, masu jure zafi su hau. A wannan mataki cikin tulin yana kai digiri 55 zuwa 65, kuma a nan ne ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa ke mutuwa. Ƙa'idar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa a 1993 domin laka ta ruwan ƙazanta, wadda masu takin shara a ƙasashe da yawa suka ara, ita ce tulin ya riƙe digiri 55 na kwana 3 idan a rufe yake ko ana hura masa iska, ko kwana 15 tare da juyi 5 idan a fili aka jera shi. Idan zafi ya haura 70, ma'aikatan da kansu sukan mutu, don haka juyi yana yin aiki biyu, yana shigar da iska yana kuma rage zafi. Hanyoyin da ake bi duk suna kewaye da wannan buƙata ne. Akwai jera sharar kunya-kunya kamar gonar dankali, injin juyi yana bi a kai. Akwai tara ta a kan bututu masu huji a riƙa hura iska daga ƙasa, dabarar da aka inganta a Beltsville ta Amurka a shekarun 1970. Akwai kuma rufaffun ɗakuna ko ganguna masu juyawa, waɗanda suka fi tsada amma suka fi riƙe wari da danshi. Zuwa ƙarshen aiki tulin yakan ragu da kusan rabin nauyinsa, domin sauran ya tashi a matsayin tururi da iskar kabon.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Kakana, wanda ya zo ƙasar nan ta Sudan, yakan ba mu labarin yadda a lokacin rani manoman ƙauyukan da ke kewaye da Kano ke shigowa birni da itace a kan jakuna, su koma da mangala cike da takin juji, wato toka, sharar tsakar gida da kashin awaki da suka kwana biyu suka ruɓe. Da wannan ne gonakin karkarar Kano suka yi ta ba da amfani shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Abin lura shi ne jujin wancan zamani ba shi da abin da ƙasa ba za ta iya ci ba. Da leda da batir da fasassun kwalabe suka shiga sharar birni, manomi ya fara tsince-tsince kafin ya watsa taki, tumakinsa kuma suka fara mutuwa da leda a tumbi. Ilimin ruɓar da shara bai ɓace ba. Sharar ce ta sauya, kuma matsalar da ta sami jujin Kano ita ce ke gaban injiniyoyin Riyad da Jidda a yau, sai dai a sikeli mafi girma.

A nan ne ya kamata a bambanta abu biyu da ake yawan haɗawa a baki, har a takardun kwangila. Na farko shi ne yin taki domin gona. Na biyu shi ne abin da zan kira kwantar da shara, wato a bar ƙwayoyin halitta su cinye ɓangaren da ke saurin ruɓewa har sharar ta huce, ta daina zafi da wari da fitar da mitan, sannan a binne ta ko a rufe bola da ita. Aikin ƙwayoyin iri ɗaya ne a duka biyun, amma abin da aka zuba da abin da ake nema sun bambanta. Masana'antar kwantar da shara tana karɓar cakuɗaɗɗen ƙulli irin na sufrarmu, inji ya yage leda, babban rariya mai juyawa ya tace ƙananan abubuwa, maganaɗisu ya zare ƙarfe, iska ta hure roba, sauran kuma a kai shi ɗakin ruɓewa. Abin da ke fitowa baƙi ne mai kama da taki, amma yana ɗauke da ɓarɓashin gilashi, gutsattsarin leda da ido ba ya gani sosai, da gubar ƙarfe irin su dalma da kadmiyom da suka narke daga batir da fenti tun sharar tana cikin mota. Ƙwayoyin halitta ba sa cin ƙarfe, hasali ma da tulin ya ragu da rabi sai gubar ta ƙara kauri a cikin abin da ya saura.

Turai ta koyi wannan darasi da tsada. A shekarun 1970 da 1980 an gina masana'antun yin taki daga cakuɗaɗɗiyar shara a ƙasashe da dama, manoma suka ƙi karɓar abin da ke fitowa, aka rufe da yawa daga cikinsu. Daga baya aka raba hanya. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta tilasta rage sharar da ke ruɓewa da ake binnewa zuwa kashi 35 cikin 100 na adadin 1995. Jamus ta hana binne sharar da ba a sarrafa ba daga watan Yuni na 2005, ta kuma sa ma'auni: a ɗebi samfur a ga yawan oksijin da zai shaƙa cikin kwana 4, idan ya wuce miligiram 5 a kowane giram na busasshen nauyi, bai kwanta ba, ba za a binne shi ba. Takin gona kuwa aka ce sai daga abin da aka ware tun a gida, har ta kai Tarayyar ta wajabta wa ƙasashenta ware sharar abinci daga ƙarshen 2023. Ba na raina kwantar da shara, domin yana rage mitan da tsatsafi sosai, kuma birni mai mutum miliyan huɗu ba zai koyi ware shara a shekara guda ba. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa manomi abin da ya fito daga nan da sunan taki, domin gubar da ta shiga gona ba ta fita, kuma manomin da aka cuta sau ɗaya ba zai sake yarda da takin shara ba ko da na kirki ne. Tun ran gini ran zane.

Saudiyya tana tsakiyar yanke wannan shawara. An kafa kamfanin SIRC a 2017 a ƙarƙashin asusun zuba jari na gwamnati domin harkar sake sarrafa shara, aka kafa cibiyar kula da shara ta ƙasa, Mawan, a 2019, sabuwar dokar shara ta fito a 2021, kuma a shekarar ce aka sanar da burin dasa bishiya biliyan 10. Bishiyoyin nan za su tsaya ne a cikin ƙasa mai yashi wadda abin da ke cikinta na ruɓaɓɓen tsiro sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ƙasar da ruwa ke bi ta cikinta ya wuce kamar an zuba a kwando. A irin wannan ƙasa babban amfanin taki shi ne riƙe ruwa a gindin saiwa, fiye ma da ciyar da shuka. Ƙasar da ta janye daga noman alkama tsakanin 2008 da 2016 domin ceton ruwan ƙarƙashin ƙasa ta san darajar wannan.

Sai dai yanayin nan yana da nasa sharuɗɗa, kuma wanda ya kwafo tsarin Jamus kai tsaye zai sha mamaki. Mutane da yawa suna zaton zafin Makka, wanda ya kai digiri 51.8 a lokacin aikin Hajjin 2024, zai hanzarta ruɓewa. Zafin da ake buƙata daga cikin tulin yake fitowa, rana kuwa busar da shi take yi. Tulin da aka bari a fili yakan bushe cikin 'yan kwanaki, ya daina wari, ya yi kama da wanda ya nuna, alhali ƙwayoyin barci kawai suka yi. Ranar da aka zuba shi a gona aka ba shi ruwa sai ya farka, ya ɗauki zafi a gindin shuka, ya janye naitirojin da oksijin daga saiwa, ganye ya yi rawaya. Don haka rufe tuli da inuwa ko da mayafi mai barin iska ta wuce, da shayar da shi da tataccen ruwan ƙazanta maimakon ruwan teku da aka tace da tsada, wajibi ne a nan. Sai kuma gishiri, wanda a ganina shi ne matsalar da aka fi yin sakaci da ita. Abincin da aka dafa yana da gishiri, gishiri ba ya ruɓewa, kuma babu ruwan saman da zai wanke shi daga tuli ko daga gona. Ƙasar noma a wurare da yawa da ma tana fama da gishiri saboda ruwan rijiya. Takin da aka yi da ragowar dafaffen abinci zalla yana iya ƙara mata ciwo, shi ya sa dole a auna gishirinsa kafin a sayar, a kuma sirka shi da ɗanyen kayan lambu da busasshen tsiro mai yawa. Kitse da nama su ma suna da nasu hali, domin mai yana lulluɓe tarkace ya hana iska shiga, nama kuma yana jawo ɓera da kyanwa, don haka wurinsu rufaffen ɗaki ne. A Turai ma'aunin da aka sa wa irin wannan shi ne a niƙa shi ƙanana a riƙe shi a digiri 70 na sa'a guda.

Busasshen abin da za a sirka da shi yana nan a ƙasar, kuma da yawa. Saudiyya tana da itatuwan dabino fiye da miliyan 30 a Ƙasim, Ahsa, Madina da sauran wurare, kowace shekara ana sassabe rassansu, kuma an saba ƙona su ko a jibge su a gefen gona. Idan aka niƙa su, su ne ainihin abin da jiƙaƙƙiyar shinkafa ke nema, suna ba ta kabon, suna kuma buɗe mata ƙofofin iska. Akwai hattara guda: jan ƙwaron dabino, wanda aka fara gani a ƙasar nan a Ƙaɗif a 1987, yana yaɗuwa ta hanyar ɗaukar sassan itacen da ya kamu daga wuri zuwa wuri, don haka a niƙa a inda aka sare, kuma a tabbatar tulin ya kai zafin da zai kashe ƙwai da tsutsa.

Bayan zafi ya sauka saura matakin da 'yan kwangila suka fi son tsallakewa saboda yana cin fili da lokaci, wato barin taki ya nuna. Wata ɗaya zuwa uku ake bar shi a jibge, funfuna da wasu ƙwayoyi suna aiki a kan ɓangaren itace mai tauri, sinadaran da ke ƙona saiwa suna gushewa, har ya koma baƙi mai laushi da ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Gwajinsa mai sauƙi ne, kuma da irin da muka sani ake yi a ɗakunan bincike: lansir, wanda Larabawa ke kira rashad. A jiƙa takin a tace ruwansa, a shuka lansir a kan takarda da wannan ruwa, a shuka wani da ruwa zalla. Idan na ruwan taki ya tsira ya yi saiwa kusan daidai da ɗan'uwansa, taki ya nuna. Idan ya maƙale, ko dai bai nuna ba ko gishiri ya yi masa yawa.

Inda za a fara, a ganina, ba gidaje ba ne. Makka tana da abin da birane kaɗan suke da shi, wato sharar abinci mai yawa a hannun mutane ƙalilan. Otal-otal ɗin da ke kewaye da Harami, kamfanonin da ke dafa wa alhazai, kasuwar kayan lambu ta Ka'akiyya da takwararta ta Jidda, da wuraren buɗa-baki a Ramadan, duk a kicin ko a rumfa guda suke tara tan-tan, kuma sharaɗi ɗaya a cikin lasisi ya isa ya sa a ajiye akwati biyu. Tsarin ya kamata ya bi daraja: abin da mutum zai iya ci ya je wa mutum ta hannun ƙungiyoyin adana ni'ima irin su Iɗ'am, abin da dabba za ta ci ya je wa dabba, saura shi ne na taki. An taɓa yin irin wannan a nan. Kafin 1983 naman hadaya mai yawa a Mina binne shi ake yi ko ya ruɓe, sai aka kafa shirin da aka danƙa wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi gudanarwa a lokacin, yanzu ana daskarar da shi a raba wa mabuƙata a ƙasashe da dama. Wahalar Mina ita ce ta lokaci, domin mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi suna cin abinci sau uku a rana cikin kwana biyar ko shida, sannan kwarin ya koma shiru. Masana'antar da aka gina daidai da wannan ambaliya za ta zauna banza sauran shekara, wadda aka gina daidai da ranakun yau da kullum kuma za ta nutse. Mafita ita ce fili mai faɗi da bututun hura iska da ake shimfiɗawa idan lokaci ya yi, da tulin niƙaƙƙen reshen dabino da aka tanada tun watanni kafin Zulhijja, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ɓangaren da ya fi ruwa da maiƙo kuma ya fi dacewa da rufaffen tanki inda ake barin sa ya ruɓe babu iska da gangan, a kama mitan ɗin a yi wutar lantarki, sannan a yi taki da tukar da ta rage.

Gidaje za su biyo baya, kuma a nan ne nake ganin mutanen unguwanninmu suna da abin bayarwa. Matan da suka shekara suna ware gurasa, gwangwani da kwali daga akwatunan zibala sun fi kowane inji sanin abin da ke cikin sharar kowane layi, da ranar da ta fi yawa, da gidan cin abincin da ke cakuɗa gilashi da shinkafa. Suna yin aikin ne babu safar hannu, babu kariya, wani lokaci cikin fargaba. Duk tsarin ware shara da za a kafa yana buƙatar mutanen da za su tsaya a bakin akwati da kan bel ɗin tacewa, kuma ya fi dacewa a ɗauki waɗanda suka riga suka iya, a ba su albashi da kayan kariya. A cikin gida kuwa abin da ake nema bai wuce abin da muke yi wa gurasa ba: kafin a naɗe sufra a kwashe cokula da gwangwani da kwalba, a karkaɗe shinkafa da ɓawo a bokiti na daban, ledar ta tafi ita kaɗai.